Mai Fitila Bai Taɓa Faɗuwa Ba

Shafi na 17

Na ji saƙonninku. Maƙwabciyata mai shagon waya ta karanta mini su kaf, har da na wanda ya ce ko tsohon ya mutu ne shi ya sa aka ji shiru kwana goma sha biyu. Ban mutu ba, ɗan nan. Mu goma sha tara rami ya rufta da mu a wajen haƙar ma'adinai, kwana huɗu ina ƙarƙashin ƙasa, ni kaɗai aka zaro da rai. Shirun kwana goma sha biyu ba zai kashe ni ba.

Abin da ya sa na yi shirun, shi zan faɗa yau. Ni nake faɗa, ita take bugawa, kamar kullum. Na ce mata kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Ku da kuka shigo yanzu, ga inda muke. Shekara arba'in da ɗaya muna wasan Kwano a bayan shagon Tela. Tela ke jan labari: gari ne a ƙarƙashin ƙasa mai ƙofa bakwai, kowa da ɗan mutuminsa da aka sassaƙa da katakon naɗe zare, muna neman hanyar fita. In haɗari ya taso, Tela zai fara rubuta sunan wanda abin ya shafa a littafi, don kada a ce ya yi son kai. Sannan ya zuba maɓalli bakwai a kwano, kowanne gefe ɗaya fari gefe ɗaya baƙi, ya kaɗa, ya kife, ya ɗaga baki ya leƙa shi kaɗai. In duk bakwai suka fito baƙi, naka ya mutu. A jefa shi gwangwani, ka kife kofin shayinka, shekara guda ba ka da kujera, ba ka da baki a wasa. Ba roƙo, ba a sake kaɗawa.

Nawa sunansa Mai Fitila. Kowa ya shiga gwangwanin nan, wasu sau uku, wasu sau biyar. Mai Fitila bai taɓa shiga ba.

'Yata Auta tana aiki a kamfanin da ke mayar da wasan namu na waya da kwamfuta, yadda mutum dubu za su shiga gari ɗaya lokaci guda. Ni na ɗauko littattafan Tela guda sittin da uku na ba su da hannuna. A shafin da ya wuce kun ji abin da na gani a gwaji: mutum ya mutu, a ƙirga goma, ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ci gaba. Na rantse sai na je na ji wanda ya ba su izini.

To na je.

Ranar ce za su buɗe wa mutum ɗari biyar wasan su gwada, da ƙarfe huɗu na yamma. Ni ƙarfe goma na safe ina ƙofarsu. Auta ta sauko ta tare ni.

"Baba, hawa na bakwai ne fa. Zo mu shiga lif."

"Akwatin ƙarfe mai igiya? Na shiga irinsa, na san inda yake kai mutum."

Da ƙafata na hau. Matakala ɗari da ashirin da shida, shekara saba'in da huɗu a duniya, sau biyu kawai na tsaya, su ma don Auta ta huta ne.

Ofis ɗin nasu ɗaki ne ƙato, sanyi kamar wajen ajiye magani. Kowa ya toshe kunne, ya zuba wa allo ido. Shugaban aikin ya taso da saurinsa, wanda nake ce wa Mai Gilashi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya kai ni gaban babban allon da ke jikin bango.

Ga ƙofar farko ta garin. Ga mutum-mutumin Mai Fitila a tsaye a bakinta, tsawon bene, fitila a ɗage, rubutu a gindinsa. Tun makonni biyu da suka wuce Auta ta karanta mini rubutun: Wanda Bai Taɓa Faɗuwa Ba.

Ban zauna ba.

"Wa ya ce muku matacce yana tashi a wasan Kwano?"

"Af, Baba, ai ba mu muka ƙirƙira ba."

"To wa?"

"A littattafan muka samo."

Auta ta ce, "Yallaɓai, bari in kai Baba ya sha ruwa tukuna."

"Ba na jin ƙishi. Ci gaba, ɗan nan."

Ya gyara gilashinsa, yana murmushi irin na wanda zai ba ka albishir.

"Mun shigar da littattafan nan kaf cikin kwamfuta, shafi bayan shafi, don mu san sau nawa ake mutuwa, kada wasan ya yi tsauri da yawa ko ya yi sauƙi da yawa. Sai muka ga akwai ɗan wasa ɗaya da baƙi bakwai suka fito masa har sau tara. Kuma mako na zagayowa, yana nan a teburi, ana damawa da shi. Muka ce to, ashe doka ta yarda a dawo. A kan haka muka gina wasan gaba ɗaya."

Na yi dariya har wasu suka cire abin kunnensu.

"Wane rago ne wannan? Kafinta ne ko? Allah ya jiƙansa, kwano bai taɓa ƙaunarsa ba. Amma duk faɗuwarsa ya yi shekararsa a waje, ni shaida ne."

"A'a, Baba, ba shi ba ne."

"Mai Burodi?"

Ya kalli Auta. Ya kalle ni. Murmushin bai gama sauka ba.

"Kai ne mana, Baba. Ai shi ya sa muka yi maka mutum-mutumi."

Auta ta sunkuyar da kai.

Na jira fushi ya zo. Ni mutum ne mai fushi, ku tambayi unguwarmu. Bai zo ba. Abin da na lura da shi kawai, akwai tsiro a tukunya kusa da taga, ganyensa ɗaya ya bushe, ba wanda ya cire.

Na nuna allon.

"Karanta mini abin da ke gindinsa."

"Baba..." in ji Auta.

"Ba ke ba. Shi."

Ya karanta a hankali. "Wanda Ya Faɗi Sau Tara Ya Tashi."

"Sake."

Ya sake.

Na juya wajen Auta. "Ke kuma me kika karanta mini?"

"Abin da na san kana so ka ji."

"Tun yaushe kika sani?"

"Wata guda. Na yi ta duba littattafan da kaina ko kwamfuta ce ta yi kuskure. Rubutun Baba Tela ne, ba gogewa, ba gyara. Sunan Mai Fitila, baƙi bakwai a gefensa."

Mai Gilashi ya cire gilashin ya riƙe a hannu. "Wallahi Baba na zaci ka sani. Na zaci abin alfahari ne."

"Ɗan nan, a wasan Kwano wanda ya faɗi ya tashi ba gwani ba ne. Ɓarawon kujera ne."

Wata can baya ta ci gaba da danne-dannenta a hankali, kamar mai tsoron a ji.

Auta ta matso. "Rubutun ba wuya, Baba. Kafin ƙarfe huɗu duk abin da ka ce in sa, shi zan sa. In ka ce in mayar da shi yadda na karanta maka, minti ɗaya ne. Ba wanda zai sani."

"Ke kin sani."

"Ni 'yarka ce."

"Ba ni littafi na farko."

Ta ɗauko a kabad, a cikin leda suka sa shi kamar wani abin tarihi. Na sa a aljihu. Na sauka matakala ɗari da ashirin da shida, ban tsaya ko sau ɗaya ba.

Tela yanzu a gidan babban ɗansa yake, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ido ya tafi saura kaɗan, ƙafa ba ta ɗaukarsa nesa. Keken ɗinkin yana nan a lungu an rufe shi da zani, kwano da gwangwani a kai. Mu biyu muka rage a 'yan teburin farko da ke garin nan. Shekara biyu ke nan ba a kaɗa kwanon ba.

Ya gane takuna tun daga waje.

"Kwana Huɗu! Yau wa ka zo ba labarin ramin? Na ji shi sau dubu, sai dai ka ba surukata."

Surukar tasa ta kawo mana shayi kofi biyu, ta gaishe ni, ta ja ƙofa.

"Tela, ka taɓa yi mini ƙarya?"

"A ɗinki?"

"A ɗinki kowa ya san ka. Wandon sati biyu sai ya yi wata uku."

"To ai ka ga."

Na zaro littafin na ɗora masa a cinya. Ya shafa bangon da yatsa, ya tsaya a inda shayi ya taɓa zubewa ya kumbura takardar.

"Na farko ne," ya ce.

"Na farko ne."

"Sun karanta ke nan."

"Sun karanta. Har sun gina wasa a kai. Saboda ni, duk wanda ya mutu a wasansu ƙirga goma zai yi ya tashi."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ba ta daɗi ba. "Yaran nan. Da sun tambaye ni."

"Ni nake tambayarka."

Fankar sama tana juyawa tana ƙara, ƙit, ƙit, ƙit. Na ƙirga ta kai goma sha ɗaya kafin ya buɗe baki.

"Sau takwas na leƙa kwano na ga baƙi bakwai, na ce maka shida ne, ɗaya fari. Sai in ce Mai Fitila ya karye a ƙafa, ko fitila ta mutu, in ba ka wahalar mako biyu don kada ka yi zargi."

"Ranar kogin baƙin ruwa?"

"Ka mutu."

"Ranar da na tare ƙofa ta biyar ni kaɗai?"

"Ka mutu. Wannan ma tun kaɗawar farko."

Wannan labarin ƙofa ta biyar, kun tuna, shi na ba ku a shafi na shida. Mutum ɗari uku da wani abu suka danna masa alamar so.

"In za ka yi ƙarya, me ya sa ka rubuta gaskiya?"

"Bakina ya iya ƙarya, hannuna bai iya ba. Kuma na san ba za ka karanta ba."

"Kafinta ya sani?"

"Littafin a buɗe yake a tsakiyar teburi, Kwana Huɗu."

"Mai Burodi?"

"Kowa ya yi makaranta a teburin nan ko da aji uku ne. Kai kaɗai ne ba ka yi ba."

Na ɗauki shayina na kurɓa. Ba zafi, ba sanyi. Ban ji ko akwai sukari ba.

Shekara arba'in ina buga ƙirji a gabansu. Kafinta ya jefa nasa gwangwani sau biyar, kowane karo ina ce masa wasa ba na kowa ba ne. Yana kallon littafin, yana kallona, ya kife kofinsa ya tafi gida. Har ya koma ga Allah bai ce mini uffan ba.

"Ka ce takwas. Su tara suka ce."

Tela ya juya fuskarsa wajen taga.

"Na farko ba ni na yi ba."

"Wa ya yi?"

"Ka tuna ranar gadar igiya?"

Wa zai manta? Shi ne labarin da na fi bayarwa bayan na ramin. Mu biyu a kan gada, Mai Fitila da Mai Igiya. Mai Igiya na ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Ƙarami. Gada ta tsinke, kwano ya fito baƙi bakwai, Ƙarami ya faɗa, ni na haye.

"Na tuna. Ƙarami ya faɗi."

"Buɗe shafi na talatin da ɗaya."

"Ka san ba zan gane ba."

"To ni zan faɗa maka abin da ke ciki. Sunan da na rubuta kafin in kaɗa, Mai Fitila ne. Da na leƙa, ban taɓa ganin baƙi bakwai ba sai ranar, bakina ya riga hankalina, na ce bakwai da ƙarfi. Kowa ya ji. Saura in faɗi na wane ne."

"Sai?"

"Ƙarami yana zaune yana fuskantata. Ya karanta sunan a juye. Sai ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin teburi, har yau ina jin takun nan. Ya miƙa hannu ya ɗauki Mai Igiya ya ce, nawa ne, na gani. Da hannunsa ya jefa shi gwangwani, ya kife kofinsa."

Ƙit, ƙit, ƙit.

"Don me?"

"Wata takwas da zaro ka daga rami. Ka manta yadda kake? Ba ka magana da kowa. Marigayiya matarka ta zo shagona tana kuka, ta ce in ba ranar wasa ba bango kake kallo, abinci sai an ɗura maka kamar jinjiri. Don kai na ƙirƙiro garin nan tun farko, ko ka zaci don me yake ƙarƙashin ƙasa? A teburin nan kaɗai kake buɗe baki. Da aka tashi ranar, Ƙarami ya tsaya ya ce mini, Tela, in aka kife wa Yaya kofi shekara guda, ba za mu same shi a ƙarshen shekarar ba."

Na ce, "Ni na fito daga rami da ƙafata."

"A kan makara ta asibiti ka fito. Ina wajen."

Ban musa ba. Gaskiya ne, a kwance aka fito da ni. Na daɗe ban faɗa haka ba, shi ya sa na manta.

Yanzu ku saurara, don wannan ban taɓa faɗa muku ba, kuma maƙwabciyata ta tambaye ni ko ta tsallake, na ce ta buga.

Tun daga ranar gadar nan na sa wa Ƙarami suna Na-Gwangwani. A gaban matarsa nake kiransa haka. A gaban abokan aikinsa. Da aka haifa masa ɗan fari na je barka na ce Allah ya sa kada ya gado faɗuwa. Shekara guda cur yana wuce shagon Tela ba ya shiga, yana bin doka. Ranar da shekararsa ta cika, ya zo da sabon ɗan mutumi a aljihu, ya sassaƙa da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa. Na ɗaga kai na ce, af, an buɗe gwangwani ke nan, ku toshe hanci.

"Kowa ya yi dariya ranar," na ce wa Tela.

"Kai kaɗai ka yi."

Ƙarami ya tsaya kaɗan. Ya kalli Tela. Ya juya ya fita. Bayan wata biyu ya karɓi aikin tuƙin babbar mota a wani gari mai nisa, ya kwashe iyalinsa. Tun daga nan, in ba rasuwa aka yi ba ba ma haɗuwa. Mu gaisa, ya tambayi ƙafata, in tambayi yara, shi ke nan. Ni kuma in an tambaye ni sai in ce ƙanena bai iya ɗaukar faɗuwa ba.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ya sa na rantse. Ya ce in ka sani, ka faɗi ke nan, wahalarsa ta tashi a banza. Sauran takwas ɗin kuma, tunda ya riga ya biya wannan tsadar, ni wane ne da zan bari kwano ya ɓata masa?"

"Shekara arba'in, Tela."

"Na yi ta jiran ka tambaye ni abin da nake rubutawa. Ko sau ɗaya. Ba ka taɓa tambaya ba. Kai dai a ba ka fili ka ba da labari."

Na tashi na ɗauko gwangwanin daga kan keken ɗinki. Na madara ne, babba, fentin duk ya goge. Murfin ya yi tsatsa, sai da na sa cokalin shayi na ɓalle shi. Na zazzage a kan gado. Guda ashirin da uku. Na Kafinta biyar, duk da ƙaton kai, don bai taɓa iya sassaƙa kai ba duk da sana'arsa ce. Na Mai Burodi uku. Na waɗanda suka zo daga baya suka tafi.

Mai Igiya shi ya fito ƙarshe, don shi ne a can ƙasa. Jan zare a naɗe a ƙugunsa, ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Bai kai tsawon babban yatsana ba.

Na mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Shi na bar shi a waje.

Na sa hannu a aljihun gaba na ciro Mai Fitila. Kullum yana jikina, ko asibiti za ni. Hannuna ya goge shi har yana sheƙi, kan ashanar da muka manna masa a matsayin fitila an canja ya fi sau talatin.

"Me kake yi?" in ji Tela. "Ina jin ƙarar gwangwani."

"Doka ta ce sai mai jan wasa ya faɗa da bakinsa."

"Kwana Huɗu, bar shi. Wasan ya ƙare. Mu biyu muka rage."

"Yau da safe na hau bene bakwai don in gaya wa yara cewa doka doka ce. Faɗa."

Ya daɗe yana shafa littafin. Sannan ya gyara zama, ya miƙe wuya yadda yake yi a kan teburi, muryar jan wasa ta dawo masa, sai dai ta tsufa.

"Gada ta tsinke. Baƙi bakwai. Mai Fitila."

Na sake shi cikin gwangwanin.

Na zaci zan ji wani abu. Ƙara ce kawai 'yar ƙarama, katako a kan katako. Na mayar da murfi. Na shanye sauran shayin, na kife kofin a kan faranti.

Muka zauna. Ban san tsawon lokacin ba. Wata mota ta yi ta ƙoƙarin tashi a waje ta kasa. Surukar Tela ta leƙo ta ga kofi a kife, ta kalli surukinta, ta koma. Rana ta bar kan gado ta hau bango.

Waya ta yi ƙara a aljihuna. Hoton Auta ne ya fito. Na danna kore, na sa a lasifika don Tela ya ji.

"Auta, ga abin da za ki rubuta. Ki goge tara, ki goge tashi. Ki sa cewa ya faɗi tun a gada, ƙanensa ne ya..."

"Baba, huɗu ta wuce da minti ashirin. Na kira ka sau shida ba ka ɗauka ba. An buɗe."

"To sun karanta ke nan."

"Sun karanta, sun wuce, kowa ya ruga cikin gari. Ba wannan ya sa na kira ba." Ta ci gaba, "Akwai mutum ɗaya da bai wuce ba. Tun da aka buɗe yana tsaye a gaban mutum-mutumin, bai motsa ba."

"Wani ne bai iya dannawa ba."

"Sunan da ya sa wa ɗan wasansa Mai Igiya."

Tela ya ɗora hannu a kan ƙafarsa ta dama, wadda aka taka.

"Kowa zai iya sa suna," na ce. "Na ba da labarin gadar nan a waya, dubban mutane sun karanta."

"Ya zaɓi jan ɗamara, Baba. A shafinka ba ka taɓa faɗin launin ba. Kuma ni na tura wa Baffa gayyata da kaina, ranar da na gama karanta littafin farko. Ban zaci zai shiga ba."

Na kalli ɗan katakon da ke tafin hannuna. Jan zare, ya koɗe.

"Ya yi magana?"

"Ya rubuta saƙo yanzun nan, a fili, inda kowa ke gani. In karanta?"

Duk rayuwata mutane ke karanta mini abu. Ranar na san ba duka suke karantawa ba.

"Karanta yadda yake. Kada ki ƙara, kada ki rage."

"Wallahi yadda yake."

Na ji ta ja numfashi.

"Ya ce: Yaya, shekarata ta cika. Akwai kujera?"

Fanka tana juyawa. Na buɗe baki, sai idona ya sauka a kan faranti.

Kofina a kife yake. Da hannuna na kife shi, ko awa biyu ba a yi ba. Shekara guda, ba kujera, ba baki a wasa.

Tela ya miƙo hannu yana lalube a kan farantin, yatsunsa suka sami gindin kofin, suka tsaya a kai. Bai juya shi ba, bai kuma ɗauke hannun ba.

"Baba?" in ji Auta. "Yana tsaye fa. Me zan ce masa?"